Me ya sa yawan dabbobin garke yake sauyawa tsakanin damina da bazara?

Ɗalibar Kiwo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da dattawan da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a fannin kiwon dabbobi, kuma a cikin aikin da aka ba mu na ƙidaya garkunan wasu makiyaya sau biyu a wurin kiwo guda, na farko a ƙarshen damina, na biyu kuma a tsakiyar bazara kafin ruwan farko ya sauka. Abin da na samu ya ɗaure mini kai, domin a zuwa na biyu na tarar shanun sun ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuma mafi yawansu shanun tatsa ne da 'yan maruƙa, alhali awaki da tumaki kamar ma sun ƙaru. Masu dabbobin ba su nuna mini alamar sun yi wata babbar asara ba, ni kuwa lissafina yana nuna kamar an yi annoba.

Tambayata ita ce: mene ne ainihin abin da yake sauya yawan garke da yanayinsa daga wannan lokaci na shekara zuwa wancan? Mutuwa ce, ko sayarwa, ko kuwa ni ce ban iya ƙidaya ba? Sannan wane lokaci ne ya fi dacewa a ɗauki adadin da za a ce shi ne na gaskiya?

Tsohon Likitan Dabbobi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, ba ki yi kuskure a ƙidaya ba, sai dai kin ɗauki garke tamkar kayan da aka jibge a rumbu, wanda idan an auna shi yau za a same shi haka gobe. Garke abu ne mai shiga da fita, kuma shigarsa da fitarsa ba sa faruwa a wata ɗaya. Bari in fara da jikin dabbar, domin daga nan komai yake tasowa.

Ciyawar damina tana da ruwa da sinadarin gina jiki, musamman kafin ta yi fure. Da zarar ta fitar da iri ta bushe, sinadarin gina jikin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, wanda shi ne kusan mafi ƙarancin abin da ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin saniya suke buƙata kafin su iya narkar da abin da ta ci. Wannan shi ne dalilin da za ki ga saniya tana tsaye cikin busasshiyar ciyawa har ƙirjinta, cikinta a cike, amma tana ramewa. Ba yunwar cika ciki take yi ba, abincin ne ba ya wucewa da sauri, saboda haka ba ta iya cin wani a kansa. Tun daga hunturu take fara cin kitsen da ta tara, kuma ba abin mamaki ba ne ta zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, ko fiye da haka, kafin damina ta dawo.

Haihuwa tana bin wannan hawa da sauka, amma a makare. Saniya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 280 zuwa 290, wato wata tara da 'yan kwanaki, kuma ba ta cika neman barbara ba sai jikinta ya murmure. Ke nan mafi yawan shanu suna ɗaukar ciki ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, su haihu a ƙarshen bazara da farkon damina ta gaba. Maruƙan da kika gani a ƙidayarki ta farko, to, 'ya'yan cikin da aka ɗauka a daminar bara ne, ba na bana ba. Idan bara an yi ƙarancin ruwa, bana za a ga ƙarancin maruƙa ko da ciyawa ta kai wuya. A irin wannan kiwo saniya ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai kimanin shekara huɗu, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai wata 18 zuwa 24, domin shayarwa a lokacin rani tana hana ta sake ɗaukar ciki da wuri.

Akuya da tunkiya kuwa cikinsu wata biyar ne kacal, kimanin kwana 150. Waɗanda suka ɗauki ciki a ƙarshen damina sukan haihu a hunturu, shi ya sa kika tarar sun ƙaru a daidai lokacin da kike ganin shanu sun ragu. Akuya tana da wata fa'ida kuma, ita ce tana cin ganyen itatuwa da ƙaya, waɗanda suke riƙe sinadarin gina jiki bayan ciyawa ta mutu. Gawo ma ya zo da nasa ikon Allah, domin yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sannan ya zubo da 'ya'yansa a lokacin da dabbobi suka fi buƙata. Taguwa ita ce mafi jinkiri a cikinsu, domin cikinta yakan kai wata 13.

Game da mutuwa, mutane da yawa suna zaton tsakiyar rani ce take kashe dabbobi. A abin da na gani a shekarun aikina, makonnin da suka fi haɗari su ne na ƙarshen bazara da na farkon ruwa. Ruwan farko yana ruɓar da ɗan ragowar busasshiyar ciyawa, sabon toho kuma bai kai a cika ciki da shi ba, ga shi kusan duk ruwa ne, sai dabbar da ta riga ta galabaita ta yini tana bin kore tana ƙona ɗan ƙarfin da ya rage mata, zawo ya biyo baya, sanyin ruwan dare ya ƙarasa ta. Tsofaffin shanu da masu tsohon ciki da waɗanda suka haihu kwanan nan su ne suke fara kwantawa. Da damina ta kankama sai cututtukanta su karɓi aiki: tsutsar ciki a cikin 'yan raguna da 'yan awaki, kaska, kirci, da ciwon kofato a inda ƙasa take da danshi. Da rani kuma taruwar garkuna a mashaya ɗaya ita ce take yaɗa ciwon huhu, fadamu kuma su ba da ciwon hanta. Kowane lokaci da irin harajin da yake karɓa, amma a shekarar da ba fari, duk wannan bai isa ya bayyana irin raguwar da kike faɗa ba.

Ɗan Makiyayi ya amsa:

Ina gaishe da Likita, kuma duk abin da ya faɗa game da jikin dabba haka yake. Sai dai ina ganin amsar tambayar 'yar'uwarmu tana cikin jimlarsa ta ƙarshe, wadda ya taɓa ya wuce. Ni a cikin kiwo na tashi kafin karatu ya ɗauke ni, kuma tun da na karanta cewa shanun tatsa da maruƙa kika tarar, na san abin da ya faru. Shanun ba su mutu ba, tafiya suka yi.

Makiyayi ba ya riƙe garkensa a dunƙule duk shekara. Da abinci ya fara ja baya a kusa da gida sai ya raba shi biyu. Shanun da ake tatsa, da ƙananan maruƙa, da raunana, da mafi yawan awaki, su ne suke zama tare da iyali kusa da ruwa. Bijimai da karsana da shanun da suka ƙafe, wato duk mai ƙarfin doguwar tafiya, sai samari su kora su zuwa inda ake jin labarin ciyawa, wani lokaci tafiyar makonni. Wannan rabo ba na al'umma ɗaya ba ne, domin Borana na kudancin Habasha ma haka suke yi, suna da garken gida da garken nesa, kowanne da sunansa. Wanda ya zo ƙidaya da bazara ya tsaya a ruga, rabin labari ya ji.

Tafiyar kuma tana da ƙa'ida, ba yawo ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka. A yankin Sahel garkuna suna hawa arewa da damina, saboda dalilai uku da suke haɗuwa: ciyawar arewa gajeriya ce amma ta fi ƙosarwa, gonaki sun rufe kudu, sannan tsando mai kawo sammore da sauran ƙudaje masu cizo suna yawaita a inda duhuwa da danshi suke. A ƙarshen damina wasu sukan kai dabbobinsu ƙasa mai gishiri da kanwa, kamar yadda ake taruwa a Ingal ta Jamhuriyar Nijar a watan Satumba. Da tafkunan arewa suka fara ƙafewa sai a gangaro, a ci kara da harawa a gonakin da aka girbe, daga nan a nufi fadamu da bakin koguna. Saboda wannan zirga-zirga tana tsallaka iyakoki ne ƙungiyar ECOWAS ta fitar da ƙa'idar ƙaurar dabbobi a 1998, wadda ta tanadi takardar shaida da makiyayi zai riƙe mai nuna yawan dabbobinsa da allurar da aka yi musu da hanyar da zai bi. A ƙasashe masu duwatsu kuwa, kamar yankin tsaunukan Alps a Turai, tafiyar sama da ƙasa ce, a hau tsauni da zafi a sauko kwari kafin ƙanƙara. Dalilin dai ɗaya ne.

Ruwa shi ne yake yanke hukunci da rani, ba ciyawa ba. Akwai wuraren da ciyawa take tsaye ba wanda ya taɓa ta har damina ta zagayo, saboda kawai ba ruwa a kusa. A gefe guda kuma za ki ga kewayen rijiya ya zama fili fetal kamar an share. Idan abin ya tsananta akan koma shayar da shanu bayan kwana biyu, wasu ma uku, domin su sami damar kaiwa ga ciyawa mai nisa, raƙumi kuwa yana iya yin fiye da mako bai sha ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa irin dabbobin da ake gani a wuri guda su sauya daga wata zuwa wata.

Sai maganar sayarwa. Makiyayi mai hankali yakan fitar da bijimai da tsofaffin shanu da kaka, lokacin da suke da ƙiba, hatsi kuma yana da araha, ya sayi abincin da zai kai iyalinsa damina. Wanda ya jinkirta har bazara yakan sayar a dole, dabba ta rame, kowa ya kawo tasa kasuwa, hatsi kuma ya yi tsada, sai ya ba da biyu a kan abin da ɗaya za ta biya a baya. Mace mai haihuwa ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa, shi ya sa a garken makiyayi mata sukan kai kashi biyu cikin uku ko fiye. Idan kika ga karsana da shanu masu ciki sun cika kasuwa, to ba sauyin lokaci ba ne wannan, masifa ce ta sauka.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda da sauƙi. Ba duk saniyar da ke cikin garke ba ce ta mai garken. Akwai ta aro da aka ba ɗan'uwan da ya yi asara domin ya tayar da nasa, akwai ta amana da wani ya ba da kiwo, kuma waɗannan suna shiga suna fita a lokutan da masu su suka ga dama. Ga shi kuma makiyaya a ƙasashe da yawa ba sa son faɗin adadin dabbobinsu ga baƙo, wanda tarihin karɓar jangali yana daga cikin dalilansa. Ba ina cewa an ɓoye miki wani abu ba ne, ina cewa ne tambayar “shanunka nawa” ba ta cika haifar da amsa mai amfani ba.

Mai Binciken Dausayi ya amsa:

Malaman biyu sun gama da abin da yake faruwa a cikin shekara guda. Ni ina so in ƙara cewa wannan hawa da sauka na shekara yana zaune ne a kan wani mafi girma, na shekaru, kuma idan ba a raba su ba za a yi wa lissafi mummunar fahimta.

Da farko, ƙidayar kai ba ta nuna nauyin da ke kan ƙasa. Masana suna amfani da ma'aunin dabba mai kilo 250, inda akan ɗauki raƙumi a matsayin 1, saniya 0.7, tunkiya ko akuya kuma 0.1. Irin wannan dabba tana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na nauyinta a kullum, wato kilo 6.25. Idan rani ya yi wata takwas, kwana 240 ke nan, buƙatarta ta kai kilo 1,500, kuma duk wannan dole ya fito ne daga abin da ya tsiro a cikin wata uku ko huɗu na damina, bayan gara da gobarar daji da iska da tattakawar kofato sun ɗebi rabonsu. Da wannan ma'auni, Malama, za ki ga cewa ƙaruwar awaki bakwai ita ce take daidai da tafiyar saniya ɗaya, saboda haka ƙaruwar da kika gani a ƙananan dabbobi ba ta cike gurbin shanun ba ta fuskar abin da ƙasar take ɗauka.

Na biyu, an daɗe ana koyar da cewa kowane wurin kiwo yana da tsayayyen adadin dabbobin da zai iya ɗauka, kuma duk abin da ya haura wannan adadi ɓarna ce. Binciken da Jim Ellis da David Swift suka wallafa a 1988 kan makiyayan Turkana a arewacin Kenya ya girgiza wannan ra'ayi. Sun nuna cewa a inda ruwan sama yake bambanta sosai daga shekara zuwa shekara, ruwan ne yake ƙayyade yawan ciyawa fiye da bakin dabba, kuma fari yakan zo ya rage garkuna tun kafin su kai yawan da za su cinye ƙasar. Ba na cewa kiwo ba ya lalata ƙasa, yana lalatawa, musamman a kewayen rijiyoyin burtsatse da inda aka tsare garkuna wuri ɗaya aka hana su tafiya. Amma wanda ya ɗauki adadin ƙarshen damina ya raba shi da faɗin fili, ya ce dabbobi sun yi yawa, ya manta cewa bayan wata biyu rabinsu ba sa wurin.

Manyan faɗuwa kuwa sanannu ne. Farin Sahel da ya kai ƙololuwa a 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, sun hallaka garkuna masu yawan gaske, kuma bayansu an ga makiyaya da dama sun karkata zuwa awaki da tumaki da raƙuma. Dalilin a fili yake idan aka tuna lissafin da Likita ya kawo: akuya tana iya haihuwa tun tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, sau da yawa tagwaye, alhali garken shanu da ya rasa iyayensa mata yana iya ɗaukar shekara goma bai koma yadda yake ba. Gabashin Afirka yana da damina biyu a shekara, ta Maris zuwa Mayu da ta Oktoba zuwa Disamba, saboda haka hawa da saukar garke a can sau biyu ne, amma daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022 damina biyar a jere suka gaza, miliyoyin dabbobi suka mutu a Habasha da Kenya da Somaliya. A Mongoliya kuwa lokacin wahala shi ne sanyi. Idan lokacin zafi ya zo da ƙarancin ciyawa, dabbobi suka shiga hunturu ba kitse, sannan ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai a sami abin da suke kira dzud, kuma na hunturun 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi sama da miliyan 7. A can ma mutuwar takan fi yawa ne a ƙarshen sanyi, gab da fitowar sabuwar ciyawa, daidai da abin da Likita ya bayyana game da farkon ruwa. Mongoliyar ce kuma ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar wuraren kiwo da makiyaya.

Wani bambanci da ya kamata ɗaliba ta sani shi ne, tumakin ƙasashe masu sanyi tsawon yini ne yake tayar musu da neman barbara, sukan nema idan yini ya fara gajarta, su haihu da shigowar ɗumi. Na ƙasashe masu zafi kuwa suna iya ɗaukar ciki a kowane wata, abinci ne yake tsara musu lokaci, ko kuma mai su idan ya ware raguna. Kada ki ɗauki jadawalin littafin da aka rubuta domin waccan ƙasa ki ɗora a kan wannan.

Ɗalibar Kiwo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma kan takarduna bayan bayanin Ɗan Makiyayi, na tarar lallai bijimai da karsana su ne kusan duk abin da ya ɓace a ƙidaya ta biyu, ban lura ba ne saboda jimla kawai nake kallo. Saura ɓangare na biyu na tambayata. Idan zan koma sau ɗaya kawai, yaushe zan koma, kuma me zan tambaya?

Tsohon Likitan Dabbobi ya sake amsawa:

Ki koma a ƙarshen damina ko farkon kaka, lokacin da garken nesa ya dawo ya haɗu da na gida, kafin a fara fitar da na sayarwa. A nan ne za ki sami garken a mafi cikarsa, amma ki rubuta a fili cewa adadin ƙololuwa ne, kada wani ya ɗauke shi a matsayin na duk shekara.

Sannan ki bar tambayar jimla, ki bi iyaye mata ɗaya bayan ɗaya tare da mai su. Makiyayin da ba zai gaya miki yawan shanunsa ba zai tsaya a gaban saniya guda ya ba ki tarihinta kaf: uwarta, sau nawa ta haihu, a wane lokaci na shekara, wane ɗa ne ya mutu, wanne aka sayar, wanne aka bayar aro. Daga waɗannan amsoshi za ki fitar da haihuwa da mutuwa da fita na wata goma sha biyun da suka wuce, kowanne a lokacinsa. Ki tambaya da sunan lokutan da shi yake amfani da su, ba da sunan watannin kalanda ba, domin da ruwan farko da girbi da sanyi yake tuna abubuwa. Shekarun dabba kuma ki duba haƙori: saniya tana sauya haƙoran gaba biyu na farko tana da kimanin shekara biyu, bakinta kuma yakan cika tsakanin shekara huɗu da biyar.

Ki ɗauki igiyar awo ki auna zagayen ƙirjin wasu zaɓaɓɓun shanu daga bayan ƙafafun gaba, domin wannan yana ba da kiyasin nauyi a inda ba sikeli, ki kuma ba kowacce maki gwargwadon yadda haƙarƙari da ƙashin ƙugu suka fito, ko a ma'aunin 1 zuwa 5 ko na 1 zuwa 9. Makin da shanu mata suka samu da kaka shi zai gaya miki nawa ne za su ɗauki ciki, da kuma nawa ne za su iya tsallake bazara a tsaye. Idan malaminku zai yarda da zuwa na biyu, ki roƙe shi ya zama makonni biyu ko uku bayan ruwan farko, ki nemi shanun nan da kika auna, ki sake auna su.